Kukun 'Yan Koren Riga

Yayana kuku ne. Tun yana saurayi ya shiga kicin ɗin wani otal da ke bakin babban titi yana wanke tukwane, a hankali har ya zama shi ne babba a kan duk masu girki. A unguwa Baba Kuku ake ce masa, a wurin aiki kuma Hanci, saboda yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce man da ke cikin kaskon can na ƙurya ya tsufa, a je a duba a tarar haka ne. Ni ce autar gidanmu. Tela ce ni, shagona a jikin gidansa yake, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, sauran kuma daga bakin matarsa na ji.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon ƙunar mai. Ba shi da yawan magana sai a kan abinci. Matarsa, wadda nake ce wa Anti, ta sha fama da shi. Zai shigo da yamma, ko takalmi bai cire ba, ya ɗaga hanci sama ya ce, "Shinkafar nan ta kama."

Anti ta ce, "To ranka ya daɗe, ga ludayi, ga murhu."

Ya ce a'a, shi ba ya aiki kyauta. Haka suka tsufa tare suna wannan faɗan. 'Ya'yansu sun girma, aiki da aure sun kai su wasu garuruwa, gidan ya rage daga shi sai ita.

Da annoba ta shigo aka sa dokar kulle, otal ɗin na cikin wuraren da aka fara rufewa. Manaja ya tara su a tsakiyar kicin, kowa da takunkumi a fuska, ya ce su koma gida sai an neme su. Yaya ya dawo da farar rigarsa ta aiki a naɗe a hammata. Da farko ya ɗauki abin hutu. Ya gyara ƙofar bayi, ya wanke tankin ruwa, ya ƙwace wa Anti kicin, har ta ce in ya ƙara jera mata gwangwanaye bisa tsawo za ta yi yaji, da kulle da babu kulle. Daga nan abin yi ya ƙare. Sai ya koma zama a kan benci a ƙofar shagona, yana kallon titin da ba kowa a kai, yana murza yatsunsa kamar mai barbaɗa gishiri. Wata rana na ce masa, "Yaya, ka shiga ka kwanta mana." Ya ce, "Auta, na kwanta har haƙarƙarina ya gaji da ni."

A unguwarmu akwai wata ƙungiyar taimakon jama'a da ake kira 'Yan Koren Riga, saboda rigar da suke sawa iri ɗaya in za su fita aiki. Kafin annoba ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci. Su ne masu yashe kwata ranar Asabar, su shafa wa bangon asibitin unguwa fenti, su ɗauki hoto, ƙarshen shekara kuma su yi liyafa a otal ɗin su Yaya su ba juna lambar yabo. Yaya yakan ce bai taɓa ganin masu cin kaza da sunan talaka kamarsu ba. Amma da yunwa ta fara shiga gidaje, su suka fara motsi. Shugabansu mai kemis ne, shagonsa na cikin 'yan kaɗan da aka bari a buɗe, don haka shi ya fara ganin mutane suna zuwa sayen maganin ciwon ciki alhali ba abin da ke damun cikin sai rashin abin sa masa.

Suka bi masu shaguna da masu hali, suka tara shinkafa da wake da mai, suka ƙulla a leda suka raba gida-gida. Bayan 'yan kwanaki sakatariyarsu, wata tsohuwar shugabar makarantar firamare da kowa ke ce wa Malama, ta koma zagaye don ta ga yadda aka yi. A ɗakuna da yawa ta tarar da ledar a ƙulle yadda aka kawo ta. Wani ba shi da gas, wata ba ta da gawayi, wani tsoho ko tsayuwa a gaban murhu ba ya iyawa, da can a wurin mai sayar da abinci na bakin titi yake ci, ita kuma an kore ta daga titin. A wani gida uwar tana killace a asibiti, uban ya tasa yara a gaba yana jiƙa musu ɗanyar shinkafa da sukari. A nan ƙungiyar ta gane cewa dafaffe za ta riƙa kaiwa.

Malama ce ta zo wurin Yaya. Ta tsaya nesa da bencin, kamar yadda aka koya mana a lokacin, ta ce, "Baba Kuku, roƙo muka zo."

Ya ce, "In na aljihu ne kun makara, Malama."

"Na hannu ne. An ba mu aron makarantar firamare, tunda yara ba sa zuwa. Muna da kayan abinci, muna da mata masu son aiki, ba mu da wanda ya taɓa dafa wa jama'a da yawa a lokaci guda."

"Mutum nawa?"

"Kullum ƙaruwa suke."

Anti ta leƙo daga ƙofar gida ta ce, "Ki bar shi, Malama, shi ba ya aiki kyauta." Yaya ya harare ta. Washegari da sassafe na ji shi yana neman dutsen guga, yana tambayar wa ya taɓa masa farar riga.

Ni aikina a ƙungiyar ɗinkin takunkumi ne, don haka nakan kai musu sababbi in tsaya in yi kallo. Kicin ɗin wata rumfa ce ta kwano a bayan azuzuwa. Wani mai walda, shi ma ɗan ƙungiyar, ya haɗa musu murhu da bulo da rodi, ya liƙe tsofaffin manyan tukwane da aka aro. Teburan yara aka fito da su aka jera a baranda, a kansu ake shirya robobin abinci. A allon ajin da suka mayar sito, darasin ƙarshe na nan ba a goge ba. Matan kasuwa suna aiko da tumatur da tattasan da ya kwana, mai burodi yana aiko da na jiya, wani mai kiwon kaji da ya rasa masu saye tunda an rufe otal-otal yana kawo ƙwai. Duk abin da ya shigo sai ya bi ta gaban Yaya. Zai sauke takunkumi ya kai hanci, ya ce wannan a dafa yau, wannan zai kai gobe, wannan a zubar. Ba mai musa masa. Matar Mai Walda, wadda ita ce mataimakiyarsa, takan ce in Baba Kuku ya ce dutse ya nuna, ita zuba shi za ta yi a roba.

Kafin rana ta take abinci ya fita, wani a a-kori-kurar Mai Walda, wani a kekunan 'yan ƙungiya. Za a rataye leda a hannun ƙofa, a ƙwanƙwasa, a ja da baya. Yaya ya ware ƙaramar tukunya yana dafa mai laushi saboda marasa haƙori. Cikin masu cin wannan tukunyar akwai wani tsohon masinjan ofis da ya yi ritaya, yana zaune shi kaɗai a ɗaki guda a bayan garejin kanikawa. 'Yarsa tilo tana wani gari, hanya kuma a rufe. Baba Masinja ba ya karɓar abinci bai ba da saƙo ba. Mai Walda zai dawo ya ce, "Baba Kuku, abokinka ya ce yau barkonon na masu jego ne." Yaya ya ce, "Ka ce masa gobe zan sa masa na masu makoki." Wata rana saƙon ya zo cewa waken ya yi daɗi, amma kada a gaya wa kuku don kada kansa ya kumbura. Ba su taɓa ganin juna ba, amma in Mai Walda ya dawo ba saƙo, sai Yaya ya yi ta tambaya ko lafiya.

Ban taɓa ganin yayana cikin walwala irin ta wannan lokacin ba, duk da cewa kullum ana sanar da mutuwa. Yakan dawo da warin hayaƙi, ƙafafunsa a kumbure, ya zauna yana ba mu labarin yadda ya ceci miya daga hannun wata da ta so ta kashe ta da ruwa.

Sai ciwon ya kama shi. Zazzaɓi, tari, ciwon gaɓoɓi. Aka killace shi a ƙaramin ɗakin da yara suke kwana a da, Anti tana ajiye masa abinci a bakin ƙofa, shi da ya saba a rataye wa wasu. Akwai ranakun da muka fid da rai, muna jin numfashinsa daga tsakar gida kamar ana jan zarto. Allah ya tashi kafaɗarsa. Ya fito a rame, amma da ƙafarsa, da aka ce ya warke kuma ba abin da ya fara tambaya sai farar rigarsa.

Anti ce ta fara lura. Wata rana ta manta gishiri a miya, ya cinye tas bai ce uffan ba. Bayan kwana biyu ta bar tukunya ta ƙone da gangan, yana zaune kusa da tagar kicin yana sauraron rediyo, ƙauri ya cika gidan har maƙwabta suka yi magana, shi ko juyowa bai yi ba. Ta sauke tukunyar ta zo ta zauna a gabansa.

"Baban yara, me na dafa yau?"

"Shinkafa mana."

"Ba da ido nake tambayarka ba."

Ya kashe rediyon. Sannan ya ce tun da ya tashi daga ciwon, komai ya sa a baki kamar yana tauna takarda, hancinsa kuma kamar an toshe shi da siminti. Ya shinshina kananzir, ya shinshina turare, duk ɗaya.

"Likita ya ce yakan dawo," in ji shi.

"To kafin ya dawo ka gaya wa Malama."

"In ce mata me? In ce kukunku ya zama kututture? Gobe su ce in zauna a gida in huta. Na gaya miki in na koma kan bencin nan mutuwa zan yi. Hannuna ya san gishiri, idona ya san wuta. Ki rufa min asiri."

Ta rufa masa. Ko ni ban sani ba sai bayan da abin da ya faru ya faru. Kuma gaskiyarsa ce, hannunsa ya san aikinsa. Ya koma makaranta, abinci ya ci gaba da fita da daɗinsa, Baba Masinja ya aiko cewa ashe ciwon bai kashe mugun hali ba, barkonon na nan yadda yake. In an kawo kaya Yaya yakan sauke takunkumi ya kai hanci kamar da, amma da ido da yatsa yake yanke hukunci.

Ana haka aka ɗauke wutar lantarki a ɓangarenmu na kwanaki. Wani mai ɗakin sanyi da ke sayar da kifi, janaretonsa ya lalace, ba kuma inda zai sami kayan gyara. Maimakon ya yi asara a banza, sai ya kira Mai Kemis ya ce a zo a kwashi katan-katan na kifi a dafa wa mabuƙata, amma a dafa a ranar. Murna a makarantar nan ba a magana. An daɗe rabon mutane da nama ko kifi, ƙwai ma ya fara yankewa. Mata suka yi ta guɗa da a-kori-kura ta shigo.

Matar Mai Walda ce ta buɗe katan na farko da na biyu, lafiya lau. Da ta buɗe wani daga ƙasa sai ta ja da baya ta ce, "Baba Kuku, ƙarnin nan bai yi yawa ba kuwa?"

Ya zo ya danna kifin da yatsa. Da sanyinsa, har da sauran ƙanƙara a tsakiya. Ya buɗa kunnen wani kifi ya duba, launin bai nuna masa komai ƙarara ba. Mata duk sun tsaya da wuƙaƙe a hannu suna kallonsa. Ya sauke takunkumi, ya kai hanci, ya daɗe a sunkuye. Daga baya ya gaya wa Anti cewa a wannan sunkuyon roƙon Allah yake yi ya ba shi ko da ɗigon wari ne, bai ji komai ba sai sanyi a kan hancinsa. Ya ɗago ya ce, "Kifi ne, dole ya yi ƙarni. A wanke da lemun tsami."

Aka wanke, aka soya, aka zuba cikin miya mai yaji, aka haɗe mai kyau da marar kyau a tukunya guda. Na tsofaffi ma ya cire ƙaya da hannunsa ya farfasa musu tsokar.

Da yamma ya kawo wa Anti nata rabon, yana fara'a. Ta buɗe robar, ta kai hanci, ta ajiye cokali.

"Baban yara, kifin nan ya juya."

Ina cikin shago na ga ya fito da gudu ba takalmi, mutumin da bai gama murmurewa ba. Gidan Malama ya nufa. Suka shiga kiran duk wanda ke da waya, 'yan ƙungiya suka bazu a kan kekuna suna buga ƙofofi suna cewa kada a ci. Amma abincin rana ne, kuma na masu yunwa. Kusan kowa ya riga ya cinye, wasu har sun suɗe robar.

Washegari amai da gudawa suka tashi a gidaje da dama. Asibiti a cike yake da masu annoba, ba gado, ba mai sauraron ciwon ciki. Mai Kemis ya rufe shagonsa ya bi gida-gida da ruwan gishiri da sukari da magunguna. Yawanci sun sha wuya suka tashi. Amma da Mai Walda ya ƙwanƙwasa ƙofar Baba Masinja, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Kanikawa suka taimaka aka ɓalle ƙofar, aka same shi a ƙasa tsakanin gado da bokiti, idanunsa sun faɗa. Aka samu da ƙyar aka sa masa ƙarin ruwa a barandar asibiti. Bai yi mako ba ya cika. Likita ya ce da ma zuciyarsa ta yi rauni, ba wanda zai iya rantsewa cewa kifin ne kaɗai. Yaya bai taɓa karɓar wannan maganar ba.

Ƙungiya ta yi taro a filin makaranta, kowa a kan bencinsa nesa da na kusa. Na je. Aka yi ta zagin mai ɗakin sanyi, Mai Walda yana cewa a bar shi ya je ya koya masa hankali. Yaya ya miƙe. Bai sa farar rigar ba ranar.

Ya ce, "Ku bar bawan Allah nan. Shi ya ce a duba, kuma ni aka ba dubawa. Tun da na tashi daga ciwo ba na jin ƙamshi, ba na jin wari, ba na jin ɗanɗano. Duk shinshinar da kuka ga ina yi, ƙarya ce. Yarinyar nan ta faɗa min, na danne ta."

Matar Mai Walda ta fashe da kuka tana cewa, "Na ji a jikina, Baba, wallahi na ji, amma na ce wace ce ni." Wani daga baya ya ce wannan ai kisan kai ne, a kira 'yan sanda. Malama ta ce masa ya zauna. Mai Kemis ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Baba Kuku, ka yi kuskure babba, ba zan ɓoye maka ba. Amma mu ma da namu. Mun ɗauki cikin unguwa guda mun rataya a hancin mutum ɗaya, mutumin da muka san ya tashi daga wannan ciwon, ba wanda ya tambaye shi. Ni da nake sayar da magani na fi kowa sanin ciwon yana yin haka."

Jami'an lafiya suka zo suka rufe kicin ɗin. Makonnin da suka biyo baya su ne mafi muni da na gani a unguwar nan. Magana ta bazu cewa abincin 'Yan Koren Riga kisa yake, wasu har suna cewa cutar ake zubawa a ciki don a rage talakawa. Aka jefi a-kori-kurar Mai Walda da dutse. Su kuma waɗanda suka dogara da robar nan suka koma inda suka fito. Wata mata ta zo shagona da zannuwanta biyu ta ce in saya ko nawa ne, yaranta tun jiya ruwan zafi suke sha. Ƙungiya ta koma rabon ɗanye, wannan karon da ƙullin gawayi a kai, suka kuma roƙi maƙwabta kowa ya ɗauki tsoho ɗaya ya riƙa dafa masa. Wasu sun yi, wasu sun karɓi kayan sun cinye da 'ya'yansu, ba kuma yadda za ka zarge su.

Da aka ba su izinin sake buɗewa, sun sauya tsari. Ba a karɓar abin da ya fito daga firiji, sai busasshe da ɗanye da ƙwai. Duk abin da ya shigo mutum biyu ne za su duba, duk wadda ta ce ba ta yarda ba, ko mai wanke-wanke ce, an zubar ke nan. Duk da haka gidaje da yawa suka ƙi karɓa. Malama, da tsufanta da ciwon gwiwarta, ta riƙa bin motar da cokalinta a jaka. In an ƙi buɗe ƙofa sai ta buɗe robar a gaban taga, ta sauke takunkumi ta ci loma biyu, ta rufe ta rataye. A haka aka dawo da mutane ɗaya bayan ɗaya.

Sun zo har gida sun roƙi Yaya ya koma, ya riƙa kula da wuta da awo, wasu su ɗanɗana. Ya ce a'a. Malama ta ce, "Ba don kai ba, don tukunyar tsofaffi, ba wanda ya iya ta." Ya kira matar Mai Walda ya zaunar da ita a tsakar gida, ya koya mata daga farko har ƙarshe, amma ƙafarsa ba ta sake taka rumfar ba.

Bayan wasu watanni hancin ya dawo, sai dai a karkace. Nama yana masa warin tayar da aka ƙona, man suya kamar kwata, ko sabulun wanka sai ya sa shi yunƙurin amai. Ya koma daga burodi sai ruwan shayi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da aka ɗage kulle otal ya buɗe, manaja ya aiko a kira shi. Ya je da safe, kafin azahar ya dawo. Ya ce yana shiga aka ɗora kasko, sai da ya fita bayan gini ya amayar da abin da ke cikinsa a gaban yaran da shi ya koya wa riƙon wuƙa.

A cikin kwanakin nan ne wata mata ta yi sallama a ƙofar shagona, da babban buhu a hannu, ta ce gidan kukun ƙungiya take nema. 'Yar Baba Masinja ce. Sai da aka buɗe hanya ta samu zuwa ta kwashe kayan ɗakin mahaifinta. Na kai ta. Yaya na jin ko wace ce ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa. Anti ta kawo ruwa, ba ta sha ba.

Ta ce, "Baba, an gaya min komai. An ce kai da bakinka ka faɗa."

Ya ce, "Haka ne, 'yata."

"Ban zo in zage ka ba. Ban kuma zo in ce na yafe ba, don ban sani ba tukuna. Ina can ina kiransa a waya kullum, ba abin da zan iya aiko masa. In na ce Baba me ka ci, sai ya yi ta ba ni labarinka, wai akwai wani kuku mai taurin kai da yake gyara wa hali. Wata da watanni kai ka ciyar da shi, ni ban ba shi ko loma ba. Kuma kai ka ba shi wancan. Duka biyun nake ɗauke da su, na rasa inda zan ajiye."

Ta tura masa buhun. Robobin abinci ne, wankakku tas, an jera su cikin juna an ɗaure da igiya.

"A ƙarƙashin gadonsa na same su. Na san ba zai so a zubar ba. Naku ne."

Ta tashi ta tafi. Ba mu sake ganinta ba. Washegari Yaya ya ɗauki buhun a ka ya kai ƙofar makaranta, ya ba mai gadi ya ce a miƙa wa Malama.

Yara sun koma karatu, ƙungiya ta mayar da tukwanenta wani fili a bayan kemis. Annoba ta wuce amma ba su daina ba, duk Asabar suna dafa wa tsofaffi da marasa lafiya, matar Mai Walda ce babbar kuku. Yaya kuma wani mai sayar da siminti ya ɗauke shi tsaron sito, Yaya ya ce aikin ya yi masa, don ƙurar siminti ba ta masa warin komai. Yana fita da safe ya dawo da yamma, gashin girarsa fari fat. Anti tana dafa masa farar shinkafa ba mai, ba miya, ita ce kaɗai take zama a cikinsa. Kwanan baya babban ɗansu ya zo ya ce zai kai shi wani asibiti a garin da yake aiki, an ce akwai likitan da ke duba irin wannan. Yaya ya ce to, sai bayan damina, in aiki ya yi sauƙi a sito.